Ranar Da Na Goya Ɗan Mutane A Kopanhag

Ba zan taɓa mantawa da ranar da 'yan sandan Danmark suka kewaye ni ina goye da ɗan Bature ba. Na so ƙwarai in manta, amma matan layinmu a unguwar Talladje ta Yamai sun ƙi bari, shi ya sa na ce gara in faɗa da bakina kafin a ƙara wa zancen gishiri.

Ni sajfam ce, wato ungozomar asibiti, shekara talatin ina karɓar haihuwa kafin in ajiye aiki. A unguwarmu ko atishawa jariri ya yi sau biyu, ƙofata ake ƙwanƙwasawa. Wannan ya kumbura min kai, ba zan ɓoye ba. A ganina babu uwar da ta iya riƙon ɗa sai na gyara mata.

Autata Rakiya tana aure a Buruksal, can Beljik. Mijinta Bazabarme ne ɗan Lamorde, mutum mai sanyin hali (sunansa ba zai fito daga bakina ba, Baban Nana nake ce masa, Nana kuwa jikata ce). Bara suka aiko min da takardun tafiya na je ganinsu. Lokacin surukin nawa ya shigar da dosiyensa, wato takardunsa na neman zama ɗan ƙasa, bayan shekaru yana jira. Tun a filin jirgi Rakiya ta ja ni gefe ta ce, "Maman, don Allah a bi sannu. Ko tarar aje mota ba ya so sunanshi ya hito a takardar polis, kar dosiyen ya lalace." Na ce mata ni da ko ƙofar komisariya, ofishin 'yan sanda, ban taɓa takawa ba a Yamai, me zai haɗa ni da polis ɗin Turawa?

Don a girmama ni, sai suka yi hayar wata mota mai ɗaki a ciki, kamfin-kar suke ce mata, wai za a zaga da ni ƙasashen arewa. Da gado, da murhun gas, da firigo na sanyaya abinci, har da wani ɗan bayi da in ka shiga gwiwarka na taɓa ƙofa. Ku dai ku yi tunani: ni da surukina a ɗaki ɗaya mai taya, labule kawai ya raba mu. Kwana uku ina ƙin shan ruwa don kada in tashi zuwa bayin nan yana ji. Shi ma bawan Allah duk tafiyar idonsa na kan hanya, ko a madubi bai yarda mun haɗa ido ba.

A rana ta huɗu muka shiga Kopanhag, babban birnin Danmark. Garin da kyau, gidaje masu launi-launi a bakin ruwa, kekuna kuwa sun fi motoci yawa. Amma iskar garin har cikin ƙashi take shiga. Baban Nana ya samu wuri a wani layi ya ajiye motar, suka ce a fita yawo da ƙafa. Na ce gwiwoyina ba su yi alkawarin nan ba, su tafi, ni zan tsare musu gida.

Bayan na yi azahar na sauko in miƙe ƙafa. Ban yi taku ashirin ba na ga keken jarirai a jikin bangon wani gidan shan kafe. Na leƙa, don ni ba na wuce keken jariri ban leƙa ba. Jariri ne a ciki, bai wuce wata biyar ba, kumatunsa jajur, ya yi shirun da ban yarda da shi ba. Na duba dama, na duba hagu, babu uwa babu uba. Na taɓa hancinsa na ji shi kamar ƙanƙara.

Kada ku ce ban yi bincike ba. Na tsaya nan ina tare masu wucewa ina tambaya da Faransanci ɗan wane ne. Wani dattijo ya yi min murmushi ya wuce. Wata mai keke ta ɗaga min hannu. Na leƙa ta gilashin gidan kafen, na ga mutane na ta dariya da kofuna a hannu, babu wanda ya yi kama da mai ɗa a waje. (Ban shiga na tambaya ba. Me ya sa? Ai na riga na yanke hukunci: yar da shi aka yi.) Raina ya ɓaci. Na ce ashe duk arzikin nan babu tausayi a garin.

Na ciro shi daga cikin wani buhun ulu da aka zura shi, na kwance zanen da na yafa, na saɓa shi a baya na ɗaure tam. Na koma mota, na kunna murhu don ɗakin ya yi ɗumi, na ɗauko man kaɗen da na zo da shi daga gida na mulke shi tun daga goshi har tafin ƙafa. Ya buɗe idanu shuɗaye ya dube ni, na mayar da shi baya ya ci gaba da barcinsa. Na haɗa shayi ina jin kaina kamar wadda ta ceto rai.

Can sai na ji ihu a waje. Na ɗaga labule na ga wata doguwar mace tana gudu daga wannan ƙofa zuwa waccan, mutane sun fito daga shaguna. Ba a jima ba motocin 'yan sanda biyu suka tsaya. Ni kuwa ina kurɓar shayina ina jijjiga ɗan mutane, har ina cewa, "Allah sarki, ko mi ya samu baiwar Allah? Allah shi kawo mata sauƙi." Sai da na ga ta ɗaga buhun ulun nan sama tana nuna wa ɗan sanda, sannan kofin ya tsaya a bakina.

Mai hankali da ya gane ya fita yana ba da haƙuri. Ni fushi na fita da shi. Na ratsa taron na tsaya gabanta, na juya mata baya don ta ga ɗanta, na shiga wanke ta da Faransanci: wace irin uwa ce ke, kina ciki kina shan kafe ɗanki na daskarewa a titi, ni sajfam ce, na san abin da nake faɗa. Wata 'yar sanda ta riƙe min hannu a hankali, wata ta kwance goyon.

Daidai nan su Rakiya suka ɓullo, Nana na lasar alewa. Rakiya ta dube ni, ta dubi jaririn da ke ƙyalli da man kaɗe, ta ce da ƙaramar murya, "Maman, mi kinka yi?"

"Tsintar shi na yi. Yasar da shi anka yi cikin sanyin ga."

Baban Nana ya yi magana da 'yan sandan da Turanci, sannan ya matso kusa da ni, kansa a ƙasa. Wannan ce magana mafi tsawo da ya taɓa yi min tun da ya auri 'yata. Ya ce, "Maman, ki yi hankuri. Nan haka suke yi. Suna barin bebe ya yi barci waje don ya sha iska, uwa tana ciki tana kallo. Wagga ta shiga bayi ne minti kaɗan. Ki duba can." Na bi yatsansa da ido. Ƙofar wani shago keke biyu, gaba kaɗan wani guda, kowanne da jaririnsa yana barci lafiya lau. Da ƙasa ta tsage a lokacin da na shige ban waiwayo ba.

Aka karɓi fasfo ɗinmu, aka rubuta lambar motar, motar kuwa da sunansa aka yi hayarta. Na ga surukina yana miƙa takardunsa, gumi na tsatsafo masa cikin wannan sanyin. Rakiya ta ƙi kallona. Amma abin da ya fi ci min rai fuskar uwar ce. Ta ƙanƙame ɗanta, ko kuka ta kasa. Na san wannan fuskar, na sha ganinta a ɗakin haihuwa ranar da abu ya ɓaci, ban taɓa zaton ni zan sa wa wata ita ba. Na ji kunya, na ji tsoro, na kuma ji tausayinta har hawaye ya zubo min.

Abin da ya cece mu na'urar ɗaukar hoton gidan kafen ce. Aka ga wata tsohuwa da ɗankwali tana tare mutane tana nuna keke, tana ɗaga hannu sama tana salati. Uwar ta kalla, ta ce ba za ta shigar da ƙara ba. Na ce a gaya mata ina neman gafara. Ta gyaɗa kai, ta shinshina kan ɗanta, ta tambayi ko mene ne aka shafa masa. Rakiya ce ta faɗa mata.

Muka kama hanya. Da muka tsaya a gari na gaba za su fita, sai na ji Baban Nana daga bayan labule yana ce wa matarsa, da ladabinsa, "Ki gaya ma Maman, duk abin da ta gani aje a ƙasar ga, da mai shi." Sannan na ji ƙarar makulli daga waje, an kulle ni a ciki.

Wata biyar na yi a Talladje ina azumin Litinin da Alhamis kafin Rakiya ta kira ta ce takardar Baban Nana ta zama ɗan ƙasa ta fito. Ranar ce na fara cin abinci ya zauna min. Ita kuma ta ga tunda an tsira ai sai labari, ta aika wa yayarta saƙon murya, kafin la'asar duk layi ya ji. Yanzu in na shiga gidan suna sai matan su rungume 'ya'yansu suna cewa a ɓoye jarirai ga Hajiyar Danmark nan.

Na dai koyi darasi: baƙo ko da idonsa makaho ne, kuma shekara talatin ta aiki ba ta hana a tura ƙofa a yi tambaya. Amma tsakanina da ku, har gobe ina nan kan bakana, yaron nan hularsa ta yi shara-shara.