Ragon da na yanka wa hokin ƙanƙara

Ko zan manta da komai, ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin da na tara mutanen garinmu Dangora ta ƙasar Kiru a gidan kallo ba, don su ga an zaɓi ɗan ƙanwata a wasan da ni kaina ban taɓa gani ba.

Ni malamin firamare ne, amma duk mako ina gabatar da shirin wasanni a wani ƙaramin gidan rediyo, kuma ina da baki (wannan ko maƙiyina ya sani). Ɗan ƙanwar tawa, Nafi'u, yana karatu a wata jami'a a Kanada. Wata rana ya turo mini hotonsa da hular kwano da sanda, a tsaye kan ƙanƙara. Ya ce hoki ake kiran wasan, kuma a watan gobe manyan ƙungiyoyi za su zauna su zaɓi matasan 'yan wasa, har da na jami'o'i. Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Sauran ni na ƙarasa masa.

Sati uku ina yi wa masu sauraro bushara. Na ce jikan masunta, wanda ruwan dam ɗin Tiga ya tashi kakanninsa, yau shi ne ke gudu a kan ruwa. Na caccaki jaridun ƙasar nan da ba su san komai ba sai ƙwallon ƙafa. Na sayi rago, na gayyaci mai unguwa, aka shimfiɗa masa darduma a gaba.

Bayan la'asar aka fara nuna zaɓen a talabijin. Bature ya kira suna, saurayi ya fito, a sa masa riga. Suna bayan suna, babu ko mai kama da Nafi'u. Ina ta cewa gwanaye sai ƙarshe (daga baya na ji ashe gwanayen tun jiya aka kwashe su). Da aka rufe taro, maimakon in yi shiru, sai na ce an yi mana wariya. Na kira Nafi'u, na kara wayar a lasifika don kowa ya ji zaluncin daga bakinsa.

"Kawu, wane zaɓe?" in ji shi. "Ai ni da abokaina muke bugawa ranar Lahadi don motsa jiki. Wata biyar ke nan da na daina faɗuwa."

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Mai unguwa ya gyara zama, ya dube ni da tausayi.

"To Malam, naman nan a ci, ko a jira baɗi?"

"Ranka ya daɗe, a ci," na ce. "Yaron da ya tashi a Kiru, bai san ƙanƙara ba sai a cikin zoɓo, ya tsaya a kanta wata biyar bai faɗi ba. Wa ya taɓa yi a cikinku?"

Aka ci, ana dariya. Shugaban tasharmu ya ce in nemi afuwar masu sauraro, na ƙi. Na ce ni ban yi ƙarya ba, gaggawa na yi. Har yau ina ware wa hoki minti biyar a shirina, masu bugo waya kuwa Malam Ƙanƙara suke kirana, ina amsawa da ƙarfi.

Abu ɗaya dai na koya: idan za ka yi wa naka kirari a bainar jama'a, yi abinka, amma kada ka miƙa masa lasifika.