Alimetin da Na Ba Iya Dije

Ba zan taɓa mantawa da shekarar da na kashe murhuna da hannuna ba, a lokacin da rabin Damagaram ke addu'ar Allah Ya ba su abin da za su ɗora a kan nasu. Shekarun fari ne na tamanin. Damina ta zo ta wuce kamar ba ta zo ba, gero ya bushe tun bai kai gwiwa ba, mutanen karkara suka riƙa shigowa gari da tabarmi da tukwane a ka. Ni kuwa a cikin wannan hali babbar damuwata ita ce na yi ƙiba.

Ina koyarwa a wata lakwal ta 'yan mata, muna zaune a wani lungu cikin Birni. Aurenmu bai daɗe ba aka tura maigidana Yamai ƙaro ilimi. Kafin ya tafi ya cika mini ɗakin ajiya da buhunan gero da shinkafa, ya tara itace, ya ce kada in nemi komai wajen kowa. Na zauna ni kaɗai ina dafawa ina ci, har zannuwan lefena suka fara gardama da ƙuguna.

A lakwal ɗinmu akwai wata Baturiya 'yar Faransa, siririya, muna ce mata Madmazel. Wata rana na gan ta tana gurgurar ɗanyen karoti, na tambaye ta ko ba ta da lafiya. Ta yi dariya ta ce ita ba ta cin abin da ya taɓa wuta, wai wuta tana kashe amfanin abinci, ɗanye shi ne lafiya, shi ne kuma ke hana ƙiba. Ta ce sunan abin rejim. Na dawo gida ina nanata kalmar a hanya kamar na samo lambar yabo. (A tuna, lokacin nan mace mai jiki ita ake cewa tana cikin daɗi. Sai wadda ta yi lakwal irina ce za ta ga ƙiba a shekarar yunwa ta ce matsala ce.)

Kafin in ci gaba sai na gabatar da Iya Dije. Tsohuwa ce daga Hamdara, fari ya koro ta, wani ɗan uwansu ya ba ta aron kangon da ke jikin katangarmu. Ɗanta ya tafi kudu neman aiki, matarsa ta rasu, aka bar mata jika ɗaya, Hadiza, yarinya 'yar kimanin shekara huɗu mai surutu. Kowace safiya Iya Dije za ta yi sallama da ɗan kaskonta a hannu, Hadiza na riƙe da gefen zaninta.

"Madam, an tashi lafiya? Wuta na zo ɗiba."

In zuba mata garwashi. Tana juyawa in ce, "Iya, ga ƙanzon jiya, ki taimake ni da shi kada ya lalace." In haɗa da ɗumamen tuwo da sauran miya. Ita kuma ta ce, "To, don kada a yi ɓarna." Haka muke yi kullum, ba ta taɓa roƙo ba, ni ma ban taɓa cewa sadaka ba ce. Abin da ban tsaya na lissafa ba, wannan ƙanzon da ɗumamen su ne abincin Hadiza na yini. Duk matan lungun sun san haka, ban da ni da ke bayarwa.

Ranar da na fara rejim na tafi kasuwa na ciko kwando da kayan noman rani na Mirriya: salati, shu (wato kabeji), karoti, tumatir, na ƙara da ɗanyar gyaɗa da dabino. Na wanke tukwanena na kife, na share murhu tas. Washegari Iya Dije ta shigo da kaskonta, ta tsaya tana kallon duwatsun murhu.

"Yau ba a hura ba, Madam?"

"Na daina girki, Iya," na ce mata, har da ɗan murmushin wayewa. Sai na shiga ɗaki na ɗauko kwalin alimeti sabo, wato ashana, na miƙa mata. "Ga wannan, ki riƙa hura taki. Kin huta da zuwa kullum da sassafe cikin ɗarin nan."

Ta karɓa da hannu biyu, ta yi godiya, ta sa mini albarka. Hadiza ta leƙa cikin tukunyar da na kife, kakarta ta ja hannunta suka fita. Ni kuwa na koma ciki ina jin daɗin kaina, ina cewa yau na sauƙaƙa wa tsohuwa wahala.

Rejim ɗin kansa azaba ce, kada wani ya ruɗe ku. Safe salati, rana shu da tumatir, dare karoti har muƙamuƙina ya riƙa ciwo. Cikina ya koyi wani irin kuka, ina tsakiyar darasi zai amsa, 'yan mata su sunkuyar da kai suna danne dariya. Akuyar maƙwabta ta gane ni, in na zauna da kwanona sai ta zo ta tsaya tana kallona kamar na ci mata rabo. Ƙamshin daddawa daga gidan wasu yana iya sa ni hawaye. (Na tambayi Madmazel ko gumba ta halatta, tunda ɗanyen gero ne. Ta ce tana sa ƙiba. Har turmina ya shiga hutu.) Amma zani ya fara zagayowa, wuyana ya fito, na riƙa tsayawa gaban madubi ina jinjina wa kaina.

Abin da ban sani ba, lungu yana kallo. A Birni ba a tambayar mutum ko yana da abinci, hayaƙinsa ake dubawa, a saurari turminsa. Gidana ba hayaƙi, ba daka, ga miji ba ya nan, ga ni ina ramewa, ga shi an gan ni ina cin ganye ɗanye a tsakar gida. In na wuce sai mata su tsawaita gaisuwa, su ce, "Madam, ya haƙuri?" In ce da godiya, a zatona kewar maigida suke nufi. Iya Dije ma nakan hango ta a ƙofar kangonta, mu gaisa daga nesa. Na lura na daina jin surutun Hadiza ta kan katanga, na ce a raina yarinya ta fara hankali.

Wata Juma'a bayan la'asar ina zaune ina fama da shu, sai na ji sallamar mata. Suka shigo su da yawa, a gaba Hajiya Fanna, matar wani baduku, wadda ita ce babbar lungunmu. Iya Dije tana can baya, goye da Hadiza. Na shimfiɗa tabarma ina tunanin ko rasuwa aka yi.

Hajiya Fanna ta ajiye wata ƙwarya rufe da faifai a gabana, ta yi ƙasa da murya.

"'Yar nan, shekarar ba ta bar kowa ba, ba abin kunya ba ne. Albashi yakan makara, mun sani. Dije ce ta bi mu gida gida, ta ce yarinyar nan baƙuwa ce a cikinmu, mijinta ba ya nan, kunya ba za ta bar ta ta yi magana ba. Ta ce ranar da abin ya ƙare miki, alimetinki na ƙarshe kika ɗauka kika ba ta. Ga ɗan abin da ya samu, kowa da tafin hannunta."

Ta ɗaga faifan. Gero ne, iri daban daban, wani fari wani duhu. A gefe guda kuma ga wata 'yar jar dawa, irin ta taimako da ake rabawa waɗanda fari ya koro, wadda sai an yini a layi cikin rana ake samu. Mutum ɗaya ce a lungunmu ke karɓar irin wannan dawa.

Ina neman ta inda zan fara, Hajiya Fanna ta miƙe da ƙwaryar ta ce, "Bari in juye miki a ciki, kada wani ya shigo ya gani." Ta tura ƙofar ɗakin ajiya kafin in tashi.

Buhunan suna nan jere har kusan rufi, ko ɗinkin wasu ba a farke ba. Ga itace a gefe. Hajiya Fanna ta tsaya da ƙwarya a hannu, sauran matan suka miƙa wuya suka gani.

"Rejim nake yi," na ce, muryata kamar ta ɗalibar da ba ta yi aikin gida ba.

"Ciwo ne?" in ji Hajiya Fanna.

"A'a, Hajiya. Ɗanyen abu kawai nake ci. Don in rame."

Wata daga baya ta maimaita a hankali, "Don ta rame." Da ƙasa za ta tsage a lokacin da na shige, har in ja faifan in rufe.

Iya Dije ta matso. Ba fushi a fuskarta, so take kawai ta fahimta. "Wato, Madam, hatsin yana nan, itacen yana nan, ke ce kika ce a'a?"

A nan ne na dubi Hadiza da kyau. Yarinyar da ke shigowa da ƙafarta tana leƙa tukwane, yau goye take kamar jaririya, kanta ya kwanta a bayan kakarta, gashinta ya yi ja, ƙafafunta suna lilo. Lissafin da ban yi ba tun farko ya zo mini gaba ɗaya. Kuma maimakon in yi shiru, sai na ƙara wa kaina, a gaban duk matan lungu na ce:

"Iya, ai da kin faɗa mini don ƙanzon kike zuwa, da ban..."

Hajiya Fanna ta runtse ido. Iya Dije ta gyara goyonta, ta dube ni.

"Wuta nake zuwa ɗiba, Madam. Kin kuwa ba ni alimeti, na gode."

Ta juya ta fita. Matan suka bi ta ɗaya bayan ɗaya. Hajiya Fanna ta ajiye ƙwaryar a bakin ƙofa ta ce kyautar da aka kawo ba ta komawa, sai in san yadda zan yi da ita.

A yammacin nan na hura wuta ina kuka, hayaƙi ya ba ni abin fakewa. Na tuƙa tuwo tukunya guda, na dama kunu, na kai har ƙofar kangon. Iya Dije ta karɓa saboda yarinyar, ta yi godiya irin wadda ake yi wa baƙo. Da safe kwanon ya dawo ta hannun wata maƙwabciya, a wanke, da 'yar magarya a ciki don kada ya dawo wayam. Kullum na kai, kullum ya dawo da magarya ko aduwa. Amma ba ta sake taka tsakar gidana ba. Na roƙi gafararta, ta ce ba abin da na yi mata. Da dai ta zage ni, da ya fi mini sauƙi.

Da ruwan farko ya sauka suka koma Hamdara. Na fito na tarar da kangon a share, kwanona a kife a bakin ƙofata. Har suka tafi ban ga Hadiza ta taka da ƙafarta ba. Na yi ta tambayar masu zuwa kasuwa daga can. Wani ya ce tsohuwar ta rasu bayan shekara biyu, wata ta ce kamar an aurar da jikar a wajen Guna, wani ya ce bai san su ba. Har yau ban san gaskiyar ba, kuma abin yana damuna fiye da yadda nake nunawa.

Yanzu na tsufa, ƙibar ta dawo da 'yan uwanta, har likita ya ce sukari ya kama ni, in rage tuwo in riƙa cin ɗanyen ganye. Na yi dariya har ya tsargu. Ina cin salatin, ba na musu. Amma ko ina azumi sai an hura itace a gidana da safe, duk da gas ɗin da yara suka saya mini, kuma nakan bar gindin tukunya ya kama da gangan. Surukaina suna gulma wai ban iya tuwo ba, kullum sai na yi ƙanzo. Na bar su a haka. Abin da na koya dai shi ne, in mutum zai yi yunwar gayu, ya fara duba wa ke ci a bayan tukunyarsa. Wanda kuma ya shigo mini ɗiban wuta, ko na ga alimeti a hannunsa, garwashi nake zuba masa, in ce ya taimake ni da ƙanzo kada ya lalace.