Bushiyoyin Teku Kashi Uku

Laifina ɗaya: na cika taimako. Ina ɗan aji ɗaya a jami'a, malaminmu ya sa ni goge kabad ɗin busassun bushiyoyin teku, halittu masu ƙaya da ya yi shekaru yana tarawa. Ni kuwa ɗan mai tumatir ne a kasuwar Sabon Gari. Na zubar da 'yan takardun da ke ɗauke da sunayensu, na jera su kashi-kashi: manya, matsakaita, ƙanana.

"Yaro, me ka yi?" Malam ya tura biyu ƙarƙashin gilashin ƙara girma. "Duba!"

Subhanallah! Kowace da nata zanen, kamar ɗinkin hula. Ashe jinsinsu daban-daban.

Mako uku muna mayar musu da sunaye, biyu har yau babu. 'Yan ajinmu kuwa kullum: "Mai kaya, babu gyara?"