Agwagwa a Kwamfutar Malama

Ku tsaya ku ji wannan. Wani ne a Kankiya ya tsinci tsofaffin kwamfutoci biyar a gwanjo. Ya loda su a amalanke ya kai gida. Ko ɗaya ba ta tashi.

Ya kira Abdullatif mai gyara. Abdullatif ya jona su da waya, ya ɗan danne-danne, ya ce, "Wannan babbar ita ce uwa. Na zuba mata Linux, manhajar da ke tafiyar da kwamfuta. Duk wadda ka jona ka kunna, uwar za ta share cikinta tas, ta ɗura mata Linux. Ba sai ka taɓa komi ba."

Mutumin ya ce, "Shayar da su take kenan?"

"Ka ce haka nan."

Abdullatif na fita, mutumin ya kunna. Can sai ga hoton wani tsuntsu mai tumbi, tambarin Linux, a fuskar ta farko. Ga shi a ta biyu. Ga shi a ta uku.

Ya yi tsalle. "Allahu akbar! Ta ƙyanƙyashe! Agwagi!"

Ya ɗebo dawa ya watsa masu bisa madannai. Ya kifa wa uwar kwando kada shaho ya gani. Maƙwabci ya leƙo, mutumin ya yi mashi alkawarin ɗiya guda in sun yi ƙwari.

Daɗi ya ɗebe shi. Ya jona rediyo, shiru. Ya jona dutsen guga, shiru. Ya kama akuya yana neman inda zai soka wayar, ta tunkuye shi.

Sai ya hango kwamfutar matarshi, Malama Rauda, da ke koyarwa a Kusada. Makin jarrabawar ɗalibai ɗari uku na ciki, gobe za ta miƙa. Ya ce, "Baiwar Allah, ita ma ta samu abin kiwo." Ya jona, ya kunna.

Rauda ta dawo, ta buɗe. Tsuntsu ya ƙura mata ido.

"Malam, mi na ke gani?"

"Taki ce. Kyauta."

Ta danna nan, ta danna can. Wayam. Ta ɗora hannu a ka.

"Innalillahi! Makin yara ɗari uku! Sati uku ina shigar da shi! Ko ɗaya bai rage ba!"

"Har na waɗanda suka faɗi?"

"Duka na ce maka!"

Ya gyara zama ya ce, "To barka, Malama. Shekara goma kina koyarwa, sai bana aka samu ajin da ba wanda ya faɗi."