Idon Motar Baba

"...Lafiya lau, matar gida. Ya ofis? Ya jikin Inna?"

"Riƙe gaisuwarka, Labaran! Me ka yi wa motar nan?"

Ko jakarta Balaraba ba ta ajiye ba. Saukarta ke nan daga Napep a ƙofar gidansu na Kurmin Mashi, ta tarar da taubashinta Labaran, ɗan goggonta, direban tashar Kawo, tsugune gaban tsohuwar motar marigayi Babanta da bokitin ruwa. Da safe fitilun gaban motar rawaya kawai suka yi da ɗan hazo da ƙarzuna. Yanzu kuwa fari fat, kamar an shafa musu kindirmo. Ranta ya ɓaci, don gobe da asuba za ta kai Inna asibiti Zariya, kuma Inna ta rantse ba ta shiga kowace mota sai ta mijinta. Ga Yaya Hamisu ya ce in fitilun ba su gyaru ba zai karɓe makullin, tunda makon jiya saura kaɗan ta kwashi mai keke a gadar Kawo.

"Gyara nake," in ji Labaran, ya ci gaba da gurzawa.

"Gyara? Da samfefa? Kafinta ne kai? Na ce ka wanke mata ido, ka tashi ka makantar da ita!"

"Ai daidai ke nan, ta yi kama da mai ita. Ke da kike tuƙi kamar kina laluben takalmi a masallaci."

"Wallahi ba wasa nake ba! Goggo ta haifi asara. Da ma mai jan motar da ƙofarta igiya ke riƙe da ita, ina ya san darajar mota?"

"Igiyar nan ta kai ni Legas sau tara. Ke fa? Daga nan zuwa Kinkinau sai kin yi salati ɗari, masu kayan miya na kwashe tirensu."

"Bawan gidanmu kawai!"

"Bawa? Ni da na kusa aurenki, Allah Ya tsare ni na ɗanɗana miyarki tukuna. Matsa, kin tare min haske."

Kai, Labaran akwai rainin hankali! Ya yar da samfefar ya ɗauko wata, ya tsoma a ruwa, ya sauya hannu: ɗazu kwance yake gurzawa, yanzu tsaye. Balaraba ta fizge bokitin, ruwa ya fantsamar mata a atamfa, ta ƙara ƙulewa.

"Ba ka ƙara taɓa ta! Ka san irin wannan fitilar ko a kasuwar Panteka sai an yi sati ana nema? Me zan ce wa Inna? In ce ɗan 'yar'uwar mijinta ya ƙarasa abin da ya rage mata na Baba?"

Nan muryarta ta karye, ita kanta ba ta so ba. Labaran ya ɗago ya dube ta, dariyar ta bar fuskarsa.

"A motar nan Kawu ya koya min riƙe sitiyari, Balaraba. Nan gefen ya ranƙwashe ni da na goge ta da bishiya. Ni zan lalata ta? Watsa ruwan hannunki a kai ki gani."

Ta watsa da fushi, rabi a fitila, rabi a wandonsa. Sai ga gilashin ya washe tangaran, har ƙwan ciki tana gani. Kafin ta buɗe baki ya bushe, farin ya dawo.

"Tsafi ka fara?"

"Jahilcin 'yan ofis! Sai an kankare mataccen saman nan, a bi da mai laushi, a bi da wadda ta fi ta laushi, sannan man gogewa. Ke kika faɗo min a tsakiyar aiki kamar mai kama ɓarawo."

Ta yi tsaki, amma ta riƙe masa bokitin. Kafin kiran magariba ya goge da tsumma, ya fesa man da ke sa ƙyalli, fitilu suka fito sababbi ƙal. Inna ta dafo bango ta leƙo ƙofa, ta daɗe tana kallo.

"Haka take ranar da Malam ya kawo ta," in ji ta a hankali, ta koma ciki.

Balaraba ta juya baya ta goge ido da gefen gyale, sannan ta shiga ta fito da kular dambun da aka ajiye mata, ta dangwarar a gabansa.

"Ungo, mayunwaci. Ka ci, ka wanke min kula."

"Kin yarda na fi ki ke nan?"

"Na yarda bawanmu ya iya aiki." Dariya ta ƙwace mata. Ta cilla masa makullin. "Gobe da asuba kai za ka ja mu. Inna a gaba, inda take zama."