Kibiyar da Ta Kusa Mayar da Baba Jariri

Ba zan taɓa mantawa da ranar kare kundin digirina na biyu ba. Ko na so mantawa ma, mutanen unguwarmu, Zongo, ba za su bar ni ba.

Bincikena a kan amana ne tsakanin dillalan shanu da masu saye. A irin wannan aiki zane ake yi, a ja kibiya daga abu zuwa abin da yake jawowa, sai kwamfuta ta gwada ko zanen ya dace da amsoshin da mutane suka bayar. Nawa ya ƙi dacewa. Haushi ya sa na sakar wa manhajar kwamfutar ta zaɓa da kanta, ta ƙara kibiya nan, ta cire can, har lissafi ya zauna daram. Ban bi kibiyoyin na duba ba (murna ta hana ni).

A Kwatano ɗalibi ba ya zuwa sutanans, wato zaman kare kundi, shi kaɗai. Dangi suka yi anko, Goggo ta dafo shinkafa, Baba, wanda shi ma dillalin shanu ne, ya kame a gaba cikin babbar riga. Kawu na gefensa yana fassara masa Faransanci (da murya irin ta mai kiran fasinjan Seme).

Shugaban malaman da ke jarraba ni ya nuna wata kibiya a allo, daga ciniki zuwa shekaru, da alamar ragi a kanta.

"Madam, wato in mutum ya sayar da shanu da yawa, shekarunsa raguwa suke yi?"

Kawu ya fassara. Baba ya gyara hula ya ce, kowa na ji, "Ashe ni saura kaɗan a goya ni."

Zaure ya kwashe da dariya. Kunya ta kama ni sosai, amma taurin kaina ya fi ta. Na ce lissafin daidai yake, kwamfuta ce ta zaɓa.

Shugaban ya ce, "To a kira ta ta karɓi digirin."

Na ce, "Ita ba ta taka kashin shanu a kasuwar kara ba, ranka ya daɗe. Ni na taka."

Suka ɗage zaman sai na gyara. Goggo ta so a mayar da shinkafa gida, na ce a nan za a ci, kuma ni na fara zubawa. Daga baya na gyara, na karɓi digirina.

Har yau tsofaffin unguwa na tare ni, wai shanu nawa za su sayar su koma samari. Manhajar dai ban daina amfani da ita ba, don ba zan gudu saboda dariya ba. Sai dai yanzu duk kibiyar da ba zan iya yi wa Baba bayaninta da Hausa ba, ba ta hawa allo.