Ranar da Za a Koro Ƙyalla

A bakin garin Kalgo akwai wani lambu da wani attajiri ya mayar gidan namun daji. Ba a ware kowace dabba a kejinta ba. Fili ɗaya aka kewaye da waya, aka haɗa barewa da jimina da dawisu da kunkuru a ciki, domin mai kallo ya gan su suna kai-kawo tare. Lukuman ne ke kula da filin. A safiyar nan ya share kashi, ya sauya ruwa, ya zuba wa barewa harawa a kwami, ya ɗora wa jimina dawa a kwano bisa turmi, ya watsa wa kunkuru ganye a ƙasa. Yana cikin haka ya ji sallama daga bayan waya. Kakarsa ce Hajjo, daga Gwandu, kuma fuskarta ba ta zo da fara'a ba.

"Lahiya lau, amarya. Ya hanya? Ya mutanen Gwandu?"

"Mutanen Gwandu suna lahiya, ban da wadda aka yi wa sata."

"Me aka sace miki? Sauran haƙoran?"

"Haƙorana suna nan, yanzu za ka ji su a kunnenka. Ina akuyata, ɓarawo?"

"Miji ba ya satar kayan matarsa, Hajjo. Aro na yi."

"Aro ba da sanin mai abu ba? Na tafi suna a Masama, na dawo na tarar da turke babu Ƙyalla. Aka ce angona ya zo da babur ya ɗaure ta a baya kamar buhun gero. Ko kiran waya ba ka yi ba."

Lukuman ya sosa ƙeya, ya dubi tsintsiyar da ke hannunsa. Sai ya nuna mata gindin wata bishiya a tsakiyar filin. Ga Ƙyalla nan tsaye tana tuƙa, wani ɗan barewa siriri ya durƙusa a ƙarƙashinta yana shan nono yana kaɗa bindi.

"Uwarsa ta mutu washegarin haihuwa," in ji shi. "Mun ba shi madara a bulumboti, ya ƙi kamawa. Har ya daina ɗaga kai. Sai na tuna ɗan Ƙyalla ya mutu, ga nono yana damunta. Da ban kawo ta ba, da tuni mun binne shi."

"Da ka tambaya, hana ka zan yi?"

"Za ki hana ni, sannan ki ba ni, sannan ki yi shekara kina gorantawa."

"To yanzu shekara biyu zan yi. Ka san abin da ka jawo mini? An kawo 'yan makaranta daga Gwandu kallon namun daji, jikar maƙwabciyata Zulai ta ɗauko hoto a waya. Unguwa duka an gani. Ga jimina, ga barewa, ga akuyar Hajjo a tsakiya. In na fita, yara su ce, Hajjo, yaushe za a kai ki ki zauna da ita?"

"Ai akwai wuri. Kusa da kunkuru zan sa ki, ku yi hirar zamanin da."

"Kai za a fara sawa, a rubuta a allo: biri mai babur. Ni dai kwance mini abata in tafi. Ƙyalla 'yar gidan mutunci ce. Ba ta taɓa shiga gonar wani ba, ba ta taɓa buɗe tukunyar maƙwabta ba. Ban raine ta don ta zauna da tsuntsuwa mai wuyan taɓarya ba."

Ba ta rufe baki ba sai Ƙyalla ta janye jiki daga ɗan barewa, ta nufi kwami. Ta sa ƙaho ta ture barewa biyu, ta ci harawa iya son ranta. Daga nan ta ɗora ƙafafun gaba bisa turmi, ta tsoma baki a kwanon dawa. Jimina ta matso, Ƙyalla ta sunkuyar da kai, jimina ta juya a guje har ta yi karo da waya. Akuyar ta gangaro ta share ganyen kunkuru tas, sannan ta taka bayansa ta hau, ta miƙa wuya tana tsinkar ganyen bishiya.

Hajjo ta ja gyale ta rufe rabin fuska. Wasu mata da suka shigo kallo suna ta dariya a gefenta.

"Wannan ba Ƙyalla ba ce," ta ce a hankali.

"Ita ce, 'yar gidan mutunci."

"Canza mini ita kuka yi."

"Yadda na ɗauko ta haka take. Dabarar haɗa su wuri ɗaya, Hajjo, ita ce kada abincin wani ya zama na wani. Barewa ta ci a kwami, jimina ta ci a sama, kunkuru ya ci a ƙasa, kowa ya zauna lahiya. Akuyarki kuwa sama nata, ƙasa nata, tsakiya ma nata. Dubi dawisun can. Da bindi ya zo gidan nan."

"Zama da marasa tarbiyya ne ya ɓata ta."

"Kafin ta zo ko ƙura ba a tayarwa a filin nan. Ni dai na san gidan da ake shiga ɗakin jika a cinye masa ƙuli-ƙuli a ce ɓera ne."

"Rufe mini baki, kada mutane su ji. Buɗe ƙofa in kama ta mu tafi kafin wani ɗan Gwandu ya sake shigowa."

Lukuman bai motsa ba. Ya jingina tsintsiya a jikin waya, ya yi ƙasa da murya.

"Ko ba ki zo ba, yau zan kawo miki ita."

"Tsoron Allah ya kama ka ke nan."

"Tsoron Alhaji mai lambun dai. Jiya ya shigo da baƙi daga Birnin Kebbi, yana tsaye yana yi musu bayanin yadda dabbobinsa ke zaman lumana. Ƙyalla ta zo ta bayansa, ta kama hannun babbar rigarsa. Kafin a ankara ta cinye aikin. Ya ce kada rana ta faɗi yau tana gidan nan. Tun jiya nake riƙe da waya, na kasa kiranki."

"Shi ɗan barewan fa?"

"Za mu sake gwada bulumboti."

"Wanda ya ƙi?"

Hajjo ta dubi ɗan barewa, wanda ke bin akuyar yana tangaɗi da siraran ƙafafunsa.

"Tsaya in fahimta. Ba ni ce na zo ɗaukarta ba ke nan. Koro ta aka yi."

"Ai duk ɗaya ne, gida za ta."

"A wurin wawa ne duk ɗaya. Na aurar da ɗiya, na aurar da jika, babu wadda aka taɓa koro mini saboda mugun hali. Sai a kan akuya za a fara? In shiga Gwandu da ita a ce ko namun daji sun kasa zama da abin da Hajjo ta raina? Ba inda za ta."

"Ɗazu kika ce a kwance miki abarki."

"Ɗazu ban san an wulaƙanta ta ba. Kira mini Alhajin."

Lukuman ya kira, ya yi gaisuwa, ya miƙa mata wayar. Hajjo ta riƙe ta da hannu biyu. Tana jin muryar Alhaji sai ta durƙusa a ƙasa, nan gaban 'yan kallo.

"Ranka ya daɗe, ni ce uwar mai laihin. Na ji abin da ta yi wa riga, kunya ta hana ni ɗaga kai. A yi haƙuri saboda marayan nan. A gida a turke take, sakin da aka yi mata ne ya ruɗe ta. A kafa mata turke, kada a kwance ta sai kowa ya gama cin nasa. In ta sake taɓa ko zaren hula, ni da kaina zan zo in ja ta har Gwandu a ƙasa."

Daga cikin wayar aka ji dariya, aka ji magana kaɗan, sannan aka kashe. Hajjo ta miƙe tana kaɗe gwiwa.

"Ya ce ta zauna har a yaye shi."

"Hajjo, kin san ba ya ganinki ta waya? Wa kika durƙusa wa, jimina?"

"Kai ka sa ni, mara kunya. Ni da ko kakanka ban durƙusa wa a bainar jama'a ba."

"Da na sani da na ɗauki hoto na aika wa jikar Zulai."

"Ka aika, in sake ka a gaban barewa."

"Mace ce ke sakin miji?"

"Irinka ko akuya ta sake shi."

Ta so ta haɗe rai, dariya ta ƙwace mata har ta dafa waya. Ta buɗe jakarta, ta zaro sabuwar igiyar kaba, ta cilla masa ta saman shinge.

"Riƙe. Na sayo ta don in ja ta gida, to ka ci. Ka ɗaure ƙafar gaba, kada ka matse. In an tambaye ka a Gwandu, ka ce raino take yi a Kalgo. Maganar riga kuwa, daga ni sai kai sai Alhaji."

"Sai baƙin Birnin Kebbi."

"Su ba su san sunana ba."

Da la'asar Lukuman ya kai Hajjo tasha, ya dawo ya sare reshe, ya fiƙe shi, ya kafa a gindin bishiya. Ya ɗaure Ƙyalla, sannan ya raba abincin yamma. Barewa suka ci a kwami, jimina ta ci tana waige-waige, kunkuru ya fito da kai ya ja ganyensa. Akuyar ta yi ta fizgar igiya tana kuka har ta gaji. Da ta yi shiru, ya ɗauko ɗan barewa ya ajiye a gefenta. Ya tsaya har ya ga ya kama nono, sannan ya ja ƙofa ya sa kwaɗo.